Gemu Ba Ya Hana Turanci: Hujjar Rabin Sa'a a Kullum

Ana iya haihuwar mutum a Kano ko Gusau ko Azare, ya girma, ya yi aure, ya kafa sana'a har ya tara abin hannunsa, bai taɓa buƙatar kalmar Turanci ko ɗaya ba a kasuwa ko masallaci ko majalisar unguwa. Hausa ta ishe shi a duk waɗannan wurare, kuma wannan gata ne da masu harsuna da yawa a Afirka ba su samu ba. Sai dai akwai inda Hausa ba ta kai mutum a Nijeriya ta yau. Takardar buɗe asusu a banki da Turanci take. Haka yarjejeniyar haya, da sakamakon gwajin asibiti, da 'yar takardar da ke cikin kwalin magani, da saƙon da ke shigowa waya in an cire kuɗi, da sakamakon jarrabawar yaro daga makaranta. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da ayyukan Majalisar Tarayya, Hausa da Ibo da Yarbanci kuwa sai in an yi musu tanadi. Sashe na 318 ma ya sa iya karatu da rubutu da magana da Turanci cikin sharuɗɗan da mai takardar firamare zai cika kafin a ɗauke shi daidai da mai takardar sakandare wajen tsayawa takara. Saboda haka magidancin da ba ya jin harshen yana rayuwa ne da wani sashe na al'amuransa a hannun wani: ɗansa, ko yaron shagonsa, ko wanda ya tarar a layin banki. Sirrinsa na kuɗi da na lafiya sai ya bi ta bakin tafinta.

Jama'a sun san wannan zafin. Shi ya sa makarantun koyon Turanci na manya suke samun ɗalibai a birane, irin wadda Kabiru Musa Jammaje ya yi suna da ita a Kano, kuma shi ya sa masu koyar da Turanci da Hausa a YouTube da TikTok suke tara mabiya. Amma duk mai lura ya san yadda abin yake ƙarewa. A fara da zafi, a sayi littafi da ƙamus, a yi mako uku ana zuwa aji, sai biki ko tafiya ko rashin lafiyar yaro ya gitta, shi ke nan an bari. Bayan shekara a sake ɗaura niyya, a sake farawa daga gaisuwa. A ƙarshe mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ya riga ya yi tauri. Wannan hukuncin nake ganin kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Abin da ke kayar da babba a koyon Turanci shi ne yadda yake raba lokacinsa, sai kuma kunyar buɗe baki. Rabin sa'a kowace rana, in an san abin da za a zuba a cikinta, tana kai mutum inda kwas mai tsada na wata uku ba ya kai shi.

A fara da maganar shekaru, tunda ita aka fi kafa hujja da ita. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun 1967 masanin nan Eric Lenneberg ya yaɗa ra'ayin cewa akwai wani zango na ƙuruciya da harshe ke shiga cikin sauƙi, in ya wuce sai da wahala. A 2018 Joshua Hartshorne da Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka wallafa nazarin amsoshin mutum kusan 670,000 da suka yi wata jarrabawar nahawun Turanci ta intanet. Sun gano cewa kaifin ɗaukar nahawu yana nan har wajen shekara 17 ko 18 kafin ya fara dusashewa, kuma wanda ke son a kasa bambanta shi da ɗan asalin harshen gara ya fara kafin ya cika shekara 10. To amma a duba abin da aka auna: kamala ce irin ta wanda aka haifa cikin harshen. Wa ke shiga ajin dare don a zaci a Landan aka haife shi? Ɗan kasuwar Kantin Kwari so yake ya yi ciniki a Dubai ko Guangzhou babu ɗan tsakiya. Uwa so take ta karanta abin da malamin ɗanta ya rubuto. Direba so yake ya gane takardar da jami'in hanya ya miƙo masa kafin ya sa hannu. Shekaru ba sa hana kaiwa wannan matakin. Hasali ma, a binciken Catherine Snow da Marian Hoefnagel-Höhle na 1978 a kan masu jin Turanci da suka koma ƙasar Holan, matasa da manya ne suka fi ƙananan yara saurin kama harshen ƙasar a watannin farko, ko da yake yaran da suka ɗan tasa sun cim ma manyan daga baya. Babba ya san abin da yake nema, kuma in an bayyana masa ƙa'ida sau ɗaya yana iya ɗora ta a kan jimla ɗari. Joseph Conrad, ɗan ƙasar Folan da aka haifa a 1857, bai iya Turanci sosai ba sai da ya haura shekara 20 yana aikin jirgin ruwa. Har ya bar duniya ana jin baƙuntar harshensa in ya yi magana, amma littattafansa na cikin waɗanda ake nazari a sassan Turanci na jami'o'i.

Ba ma sai an je Turai neman shaida ba. Turawan da suka yi mulki da aikin mishan da na ilimi a Arewa da girmansu suka koyi Hausa, jami'an mulkin mallaka ma wajabta musu cin jarrabawar Hausa aka yi. Hanns Vischer ya iya ta har aka laƙaba masa Ɗan Hausa. G. P. Bargery ya kai ga rubuta ƙamusun 1934 da har yau masana ke komawa gare shi, Rupert East kuma ya kai ga tace rubutun marubutan Hausa a Zariya. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa jami'inta mai jin Turanci na buƙatar kimanin mako 44, wato sa'a 1,100 a aji, kafin ya iya aiki da Hausa. Tazarar da ke tsakanin harsunan biyu ɗaya ce ko daga wane gefe aka taso. Kuma mutanenmu suna ƙetare irin wannan tazarar kullum ba tare da kowa ya kira abin karatu ba. Bahaushen Sabo a Ibadan ko na Agege a Legas da Yarbanci yake ciniki, na zangon Kumasi yana jin harshen Asante, wanda ya zauna a Makka ko Omdurman yana dawowa da Larabcin kasuwa, ɗan acaɓa ya yi 'yan watanni a Fatakwal ya dawo da buroka a bakinsa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, da sun fito da safe harshen suke tararwa, dole su ji shi, dole su mayar da amsa. Mai koyon Turanci a Katsina ko Birnin Kebbi bai da wannan. Ƙarfin Hausa, wanda alheri ne, ya sa har Ibo da Bayaraben Sabon Gari da Hausa suke yi masa magana. Tunda unguwa ba za ta haɗa shi da Turanci kullum ba, shi zai shirya wa kansa wannan haɗuwar da gangan.

Lissafin sa'o'i ya fi kowace nasiha fito da abin fili. Hukumar jarrabawar Turanci ta Kambirij a Ingila ta ƙiyasta cewa wanda ya fara daga tushe na buƙatar sa'a 180 zuwa 200 na koyo bisa jagoranci kafin ya iya biyan ƙananan buƙatu, kamar gabatar da kansa da tambayar farashi da gane gajeren saƙo. Kafin ya iya tafiyar da hira a kan al'amuran da ya saba da su, sai ya tara sa'a 350 zuwa 400. Kafin ya yi aiki ko karatu da harshen cikin natsuwa, sai 500 zuwa 600. Ƙiyasi ne, kuma wanda harshensa ya yi nisa da Turanci kamar Bahaushe yana iya buƙatar ƙari. Yanzu a auna kwas na wata uku da ake zuwa sau uku a mako, sa'a biyu-biyu: duka-duka bai cika sa'a 80 ba. Wanda ya gama shi ya ga har yanzu bakinsa na rawa, ko rabin matakin farko bai kai ba, amma sai ya ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsa. Ajin Asabar na sa'a biyu yana ba da sa'a 104 a shekara in ba a taɓa fashi ba. Rabin sa'a a kullum kuwa tana ba da 182, sa'a guda ta ba da 365. Gaskiya ne karatun kai da kai bai kai nauyin zama gaban malami ba, amma ko an rage masa daraja, shi kaɗai ne tsarin da mai iyali da sana'a zai iya tara ɗaruruwan sa'o'i da shi ba tare da ya rufe shago ba.

Mai musu zai ce sa'a ai sa'a ce, ko an tara ta ranar hutu ko an rarraba. Bincike ya ƙaryata wannan tun da daɗewa. A 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya daɗewa a kai. A 1978 Alan Baddeley da D. J. A. Longman suka wallafa gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya na Ingila, manya, da ake koya wa buga rubutu da na'ura. Waɗanda suka riƙa yin sa'a ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar sa'o'i kaɗan fiye da waɗanda aka ba sa'a huɗu a rana. Abin lura a nan shi ne masu sa'a ɗayan su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarinsu. Wato hanyar da ta fi aiki ita ce mai ita ke jin kamar ba ya ci gaba, kuma wannan jin ne ke sa mutane da yawa watsar da ita. Duk mai lambun rani ya san shukar da ake ba ruwa kaɗan safe da yamma ta fi wadda ake malale wa ruwa sau ɗaya a mako.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, al'ummar da ta fi kowa sanin wannan tsarin ita ce take mantawa da shi in an zo maganar Turanci. Gardin da ke hadda ba ya jiran Alhamis ya haɗiye izu guda. Yana ɗaukar ɗan abin da allonsa ya ɗauka, ya biya, ya wanke, kuma kowace rana sai ya koma baya ya yi tilawar abin da ya wuce da ka. Magidancin da ke zuwa zauren malam bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha yana ɗaukar layi kaɗan na Ahalari ko Ishmawi ko Risala, a fassara masa, ya maimaita, gobe ya dawo. Da wannan tafiyar ce dubban mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba suka kai ga karanta manyan littattafan fiƙihu. Masana halayyar koyo sun zo sun auna sirrin tilawa da ka. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka ba ɗalibai a Amurka kalmomin Swahili 40 da ma'anoninsu. Waɗanda aka ci gaba da tambayar su kalmomin suna lalubo amsa daga ƙwaƙwalwa sun tuna kusan kashi 80 cikin 100 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambayar su da zarar sun faɗi kalma daidai sau ɗaya, ko da sun ci gaba da duba ta a takarda, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka tuna. Darasin ga mai koyon Turanci a bayyane yake. Kallon jerin kalmomi ana gyaɗa kai, ko kallon bidiyo goma a jere, yana ba da daɗin ji kamar an koya, amma abin da ke zama shi ne wanda aka rufe littafi aka faɗa, aka kuskure, aka duba, aka sake faɗa gobe da jibi da mako mai zuwa.

Me za a zuba a rabin sa'ar? Ƙamusun Turanci na ɗauke da kalmomi dubu ɗaruruwa, wannan kaɗai ya isa ya karya zuciya, amma harshe ba ya aiki da su daidai wa daida. Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 mafiya yawan amfani a 1953, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya, musamman na Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa irin wannan adadin yana ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, a hira ma ya fi haka. Kalma 6 a rana ta haura 2,000 a shekara. Nation ɗin dai ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafi ba tare da ƙamus ba sai da tushen kalma 8,000 zuwa 9,000, don haka kada a yaudari kowa cewa tafiyar gajeriya ce. Amma dubu biyun farko su ne ke raba mutum da tafinta a mafi yawan buƙatunsa. Kalmomin kuma a cikin magana ake kama su, shi ya sa Muryar Amurka ta fara watsa labarai da sassauƙan Turanci a 1959, da kalmomi kimanin 1,500 da murya a hankali. Bahaushe yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba. BBC tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1957, kamfanin da ke buga Daily Trust shi ke buga Aminiya, Premium Times da Leadership ma suna da na Hausa. Wanda ya fara jin labari ko karanta shi da Hausa, sannan ya nemi labarin nan da Turanci, ya riga ya san wa ya yi me, a ina, don haka hankalinsa zai tafi ga yadda aka faɗa. Minti goma na irin wannan, minti goma na tilawar kalmomin jiya da shekaranjiya, minti goma na magana da murya a sarari, rabin sa'a ta cika.

Akwai wata suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Ana iya yin shekara 20 ana amfani da harshe kullum, kurakurai iri ɗaya suna nan daram. A 1983 Richard Schmidt ya wallafa nazarin wani mai zane ɗan Japan da ke zaune a Hawaii, wanda ya bibiya shekara uku. Mutumin ya zama gwanin hira, yana harkokinsa da Turanci ba gargada, amma nahawunsa kusan bai motsa ba. Merrill Swain ma ta lura a 1985 cewa yaran Kanada da aka koyar da Faransanci tsawon shekaru suna ji sarai, amma in sun zo magana ko rubutu sai ramuka su bayyana, domin ba a tilasta musu furtawa ana gyara musu ba. Wannan suka ba ta rushe hujjar kullum ba, sharaɗi ta ƙara mata: dole a samu mai ja wa mutum baki. Nan ma zaure ya riga ya nuna hanya, domin ba a karatu a can sai gaban wanda zai tsayar da kai in ka karkace. Kuma wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe sanannu ne, ba su da yawa. Hausa ba ta raba sautin p da f, kuma ba ta da v, sai a mayar da shi b. Ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani. Wasulanta biyar ne, gajeru da dogaye, na Turanci kuwa sun ninka haka. Hausa tana nuna lokaci ne a ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau, Turanci kuma aikatau ɗin kansa yake sauyawa, wasu ma ba bisa ƙa'ida ba. Rubutun boko na Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, na Turanci kuwa sai an ji da kunne. Malami mai jin Hausa da ya san waɗannan zai iya yin aiki mai yawa a zama ɗaya a mako. Amfanin aji ke nan: wurin gyara ne da ɗora sabon darasi, ainihin koyon kuwa a sauran kwana shidan yake faruwa.

Sai dai mai gyara ba shi da abin gyarawa in ba a yi magana ba, kuma a nan ne babbar cutar take. Yaro yana kwaɓa magana a yi dariya, shi ma ya yi dariya ya wuce. Mai gemu, ko uwar 'ya'ya biyar, yana da mutuncin da yake tsoron zubarwa. Mun kuma gina wata mummunar al'ada, musamman a kafofin sada zumunta, ta mayar da tuntuɓen Turancin mutum abin shagali: a yanko bidiyon ɗan siyasa ko ɗan fim ko malami, a yi ta yaɗawa. Masu yin haka sau da yawa su ne 'yan bokon da suka fi kowa kukan cewa an bar Arewa a baya. Ba su lura cewa duk wanda aka yi wa dariya a bainar jama'a, akwai ɗaruruwan da suka gani suka ƙudurta ba za su taɓa gwadawa ba. Abin mamaki, in Bature ko Basine ya yi Hausa a karkace, murna muke yi muna ƙarfafa masa gwiwa. Wannan karamcin ɗan'uwanmu ya fi cancantar sa. Kafin al'adar ta sauya, mai koyo na iya kare mutuncinsa ta hanyar zaɓen inda zai yi kuskure. Abokai uku ko huɗu da suka yi alkawarin ba dariya sun isa aji. Saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, da mutum zai bayyana yadda ya yi wuninsa ya tura wa wanda ya amince da shi, magana ce cikakkiya. A gidaje da yawa kuma malamin yana nan cikin gida sanye da kayan makaranta. Uban da ya ce wa 'yarsa ta aji biyar ta karanta masa darasinta na yau ya maimaita, bai rage komai daga girmansa ba, kuma yarinyar ma karatunta ya ƙaru.

Masu cewa talaka ba shi da lokaci suna da tasu gaskiyar, domin wanda ya wuni a rana yana fafutukar cefane ba ya dawowa da ƙarfin nahawu, ga tsadar data, ga rashin wuta. Amma wannan hujja ce a kan dogon kwas, ba a kan rabin sa'a ba, wadda ana iya raba ta uku: kafin a buɗe shago, lokacin da kasuwa ta yi sanyi da azahar, da bayan lisha. Matan aure da ke cika makarantun Islamiyya na dare da na hantsi a Kano da Zariya da Sakkwato sun riga sun nuna cewa mai aikin gida da reno na iya riƙe karatu na kullum shekara da shekaru in an sa shi a lokacin da ya dace da ita. Dabarar ita ce a ɗaura karatun a jikin abin da ba ya tashi, kamar salla ko shan shayin safe. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa sabon aiki na kullum kan ɗauki kwana 18 zuwa 254 kafin ya zama jiki, matsakaicinsa kwana 66, kuma fashin rana ɗaya bai ɓata ginin ba. Ayyukan da suka auna ƙanana ne, irin shan ruwa da motsa jiki, amma saƙon ya shafi mai karatu: watanni biyun farko su ne masu wuya, kuma wanda biki ya ɗauke masa kwana biyu bai koma farko ba.

Saura masu tsoron cewa wannan kira ne na raina Hausa, da masu cewa waya ta riga ta ɗauke wahalar. Na farko ina girmama damuwarsu, domin akwai gidajen da iyaye ke hana 'ya'yansu Hausa da sunan wayewa, kuma wannan asara ce. Amma babban da ya ƙara Turanci a kan Hausar da ta riga ta zauna masa ba abin da zai zube. Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 shi ne marubucin Shaihu Umar. Abubakar Imam na Magana Jari Ce da Sa'adu Zungur duk sun haɗa Hausa da Larabci da Turanci, kuma sanin sauran bai rage wa Hausarsu armashi ba. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare, Turanci yana darasi guda, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Harshen uwa mai ƙarfi tushe ne, shi ya sa wanda bai iya karatun boko na Hausa ba gara ya fara da shi, zai rage masa hanya. A Nijar ma, kundin da hukumomin soja suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma sa Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Game da waya kuwa, Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma yana da amfani wajen duba kalma ko gane inda saƙo ya dosa. Amma wanda bai san komai a harshen ba, ba shi da yadda zai gane ranar da na'urar ta karkatar da ma'ana, kuma a takardar bashi ko ta magani karkatar kalma ɗaya ta isa. Tafinta ne dai aka sauya masa, daga mutum zuwa na'ura.

Duk wannan bai wanke hukuma ba. Da yawa daga cikin manyan da ke neman Turanci yau sun yi shekara shida ko goma sha biyu a makarantun gwamnati suka fito ba su iya ba, bashin yana wuyan waɗanda suka riƙe makarantun. Kuma Arewa tana da tarihin biyan irin wannan bashin. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koyar da manya karatu da rubutu a ƙauyuka da birane, a zamanin ne kuma aka buga Hanyar Taɗi da Turanci a 1957 don Bahaushe mai koyo, Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya biyo baya a 1965. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990. Hukumomin suna nan, abin da ya kamata su sake dubawa shi ne fasalin darasin. Maimakon dogon zama sau biyu a mako da takardar shaida a ƙarshe, a tsara darussa gajeru na kowace rana, na minti goma sha biyar, da bayani cikin Hausa, a riƙa sa su a gidajen rediyon jiha a lokaci guda safe da dare, kowane darasi ya fara da tambayar na jiya da na makon jiya. A buga ƙananan littattafan karatu masu araha a kan abin da babba ke fama da shi, wato banki, asibiti, kotu, tasha da taron iyayen yara, ba labarin kyanwa da ƙwallo na 'yan aji ɗaya ba. Malaman da hukumomin ke da su kuma a rarraba su zuwa ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da tashoshin mota, da makarantun Islamiyya na matan aure, kowane rukuni ya samu zama ɗaya a mako na magana da gyara.